Bencin Baba Kyari

Da hantsi masaƙa suka sake saukowa.

Masaƙa su ne injinan da ke kula da Laima, ƙaton mayafin zaren gilas da aka shimfiɗa a saman birnin Sabon Gulbi tun zamanin da zafin rana ya fi ƙarfin mutane. Laima tana tare rana, tana mayar da haskenta lantarki, a ƙarƙashinta kuma ake cin kasuwa, ake zuwa makaranta, ake zaman hira a ƙofar gida kamar da. Igiyoyin ƙarfe masu kaurin turmi ne suke riƙe da ita daga wannan hasumiya zuwa waccan. A kan igiyoyin nan masaƙa suke yawo, kowanne da ƙafa shida da ido ɗaya, girmansa bai wuce na ɗan akuya ba. Suna shafa zare, su ɗinke inda ya yage, su ɗaure inda ya saki.

Saukowa ƙasa ba ta cikin aikinsu. Amma ga su nan sun biyo bangon hedikwatar Kamfanin Laima, sun ratsa tsakar gida, sun je sun yi cirko-cirko a gaban wani tsohon benci da ke ƙofar gareji. Ba kowa a kan bencin. Suka tsaya shiru, idanunsu a kan katakon, har aka ɗan jima, sannan suka juya suka hau bango suka koma bakin aiki.

Injiniya Suwaiba Ɗanlami tana tsaye a tagar ofishinta tana kallonsu, shayinta ya huce a hannu. Da farko guda biyu ne suke saukowa. Yau sun cika gaban garejin. Ta duba baturansu, ta duba idanunsu, ta kwance guda ɗaya kaf ta mayar, ba ta ga komai ba. Abin ya hana ta sakat, domin ita ta gina ƙwaƙwalwar da ke tafiyar da su, kuma ta tsani abin da ta gina da hannunta ya riƙa yin abin da ba ta gane ba.

Sunan ƙwaƙwalwar Magaji. Lokacin da kamfani ya yanke shawarar sauke mutane daga kan igiya saboda faɗowa da bugun rana, sai aka tarar littafin ƙa'idojin aiki bai isa ya koya wa inji komai ba. Littafi ya ce a ɗaure igiya, bai faɗi yadda hannu yake jin ta ɗauru ba. Shi ne Suwaiba ta ƙera ƙwaƙwalwar da ba a koya mata da umarni. Aka ba Magaji duk abin da kyamarorin gidan da hulunan kwanon ma'aikata suka ɗauka shekara da shekaru, hoto da murya, ya zauna ya kalla. Abin da ya ga ana yi shi yake ɗauka. Abin da aka ce a yi kuwa, in ba a yi shi ba, ko kallo bai ishe shi ba. A ranar da aka ƙaddamar da shi, Alhaji Hammajo, wanda ya kafa kamfanin kuma yake shugabancinsa, ya tashi ya yi jawabi. Ya ce yanzu ko bayan ransu al'adar aikin gidan nan ba za ta mutu ba.

Wannan al'ada tana da darakta guda, Malam Tanimu, mutum mai ƙamshin turare da yawan murmushi. Shi ya cika bangayen gidan da rubutu mai walƙiya: Mu Iyali Ɗaya Ne. Gaskiya Ce Jarinmu. Ƙofar Shugaba A Buɗe Take. Don kada a ce magana ce kawai, ya sa kafinta ya cire ƙofar ofishin Alhaji ɗungurungum, aka ɗauki hoto. Baƙi suna zuwa daga wasu ƙasashe su ga ofis mara ƙofa, su tafa, su koma su cire tasu. A cikin ofishin akwai babban allo mai nuna lafiyar Laima, kuma tun da Magaji ya karɓi aiki allon nan kore ne shar, ba ɗigon ja ko ɗaya. Alhaji har a rediyo ya faɗa.

Koren nan ne yake damun Suwaiba. Ta taso a gidan, ta san zamanin da mutane ke kan igiya ba a taɓa yin wata guda ba a sami matsala ba. Kuma ta lura duk masaƙan da ke saukowa daga shiyya ɗaya suke zuwa, saman Kasuwar Tudu. Ta ajiye shayin, ta ɗauki hular kwano, ta shiga kwandon da ke hawa da masu duba aiki. Ba ta bi hanyar da ake bi da Alhaji in ya fito rangadi ba, ta miƙe kai tsaye zuwa kan hasumiyar kasuwa.

A can ta tarar da babbar igiya an naɗe wuyanta da sabon ƙyalle, fes, an ɗinke shi da kyau kamar rigar salla. Ta sa wuƙa ta farke. Ƙasan ƙyallen tsatsa ce, silin ƙarfe sun tsintsinke sun yi tsaye, fiye da rabin igiyar ya tafi. Masaƙa sun yi iya yinsu, sun ɗaure abin da ke ɗauruwa. Canza igiyar kuwa sai an tashi kasuwa an sauke wannan ɓangare na Laima, kuma mutum ɗaya ne yake da ikon ba da wannan izini. Ta leƙa ƙasa, kasuwa ta cika maƙil. Ta dubi gabas, sama ta fara yin duhu daga gindi. Damina ta zo bakin ƙofa, kuma kowa ya san iskar hadarin farko ita ce mai ƙarfi.

Ta taɓa ɗan kunnen da take magana da Magaji ta cikinsa, ta tambaye shi tun yaushe suka san da wannan. Ya ce tun kafin azumi. Muryarsa a kwance take, da ladabi, irin ta tsofaffin ma'aikatan da ya koya a wurinsu.

"Me ya sa allon Alhaji bai nuna ba?"

"Ba a kai wa Alhaji irin wannan labari a allo, Injiniya. Baba Kyari ake kai wa. Kullum muna zuwa, ba mu same shi ba."

Ta riƙe ƙarfen kwandon da hannu biyu. "Ƙyallen fa?"

"Haka ake yi wa wurin da bai da kyan gani, ko Alhaji zai biyo."

"To ni me ya hana ku faɗa mini?"

"Ke ma shi kike kai wa, Injiniya. Da mun faɗa miki, benci za ki nufa. Sai muka rage miki hanya."

Gaskiya ya faɗa. Kunya ta kama ta a can sama, inda ba mai ganinta sai injina.

Kada a ɗauka Alhaji Hammajo azzalumi ne. Ba a taɓa jin ya ɗaga murya ba. Ba ma'aikacin da aka yi wa haihuwa ko rasuwa bai taka ya je ba, ko da masinja ne. Lokacin da mahaifin Suwaiba ya faɗo daga igiya, shi ya ɗauki nauyin karatunta har ta zama abin da ta zama. Baba take ce masa, shi kuma ya ce 'yata. Aibinsa ɗaya ne. In aka kawo masa mummunan labari sai ya cire hularsa ya ajiye a kan tebur, ya yi godiya, ya gyara abin. Daga ranar kuma ba zai sake iya haɗa ido da wanda ya kawo labarin ba. Kunya yake ji, kunyar mutumin da ya ga gazawarsa. In aka jima sai ka ji an yi wa mutumin ƙarin girma an tura shi reshe mai nisa. Haka aka yi wa Injiniya Lawandi, wanda ya ce a gaban taro zaren da aka sayo ba shi da kyau. Yanzu yana Tashar Rairayi, babban manaja ne a kan yashi.

Mutum ɗaya ne wannan bai taɓa shafa ba. Baba Kyari Babarbare ne, Alhaji kuwa Bafulatani, kuma tsakanin Barebari da Fulani akwai wasan da ya girmi kamfanin da birnin gaba ɗaya, kowa yana ce wa ɗan'uwansa bawansa ne, ba kuma a fushi. A takarda Baba Kyari shugaban direbobi ne, a kamfanin da motocinsa suke tuƙa kansu. Aikinsa zama a kan benci, shan shayi, da cika baki. Injiniyanci kuwa bai san komai ba, sai an maimaita masa sunan igiya ya fi a ƙirga kafin ya riƙe. Amma duk wanda ya ga ɓaraka, daga leburan ƙasa har manyan injiniyoyi, sai ya ratso ta ƙofar gareji kamar zai wuce, ya gaishe shi, ya sunkuya ya faɗa masa. Shi kuma ya miƙe ya kaɗe riga, ya hau bene, ya zauna a gefen teburin Alhaji ya ɗauki dabinonsa yana ci, ya ce kai bawana, kai da ka saba ɗaure maraƙi wa ya ce ka ɗaure gari, igiyarka ta yamma ta ruɓe. Alhaji ya ƙyalƙyale da dariya, ya ce masa Babarbaren banza, su yi ta yi. Kafin magariba an gyara igiya, hula tana kan mai ita, ba wanda ya ji kunya, tun da ai wasa ne.

Ba littafin da ya rubuta wannan, ba bangon da ya ɗauka. Malam Tanimu ne ya gano cewa ana biyan wani tsoho albashi ba aikin komai, kuma kiran shugaba bawa a gaban baƙi bai dace da al'adar aiki ta zamani ba. Aka yi wa Baba Kyari ritaya cikin girmamawa, a watan da Magaji ya fara aiki.

Kwando ya sauke Suwaiba, ta nufi ofis mara ƙofa da ƙarfinta. A kan bene ta shirya maganar, ta sake shiryawa. Ta tarar da Alhaji shi kaɗai, fuskarsa a sake, ya baje taswirar wani birni a kudu da ke son a yi masa tasa Laimar. Ya tashi ya tarbe ta. Ya tambayi mahaifiyarta da ciwon ƙafarta, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, ya ce ya ga ta rame, ko aiki ne ya yi yawa. Ya nuna mata taswirar yana murna kamar wanda aka yi wa jika. Sannan ya waiwayi koren allo ya ce, "Yaya masaƙanmu, 'yata?"

Ta dubi hular da ke kansa, fara ce mai aikin hannu.

"Lafiya lau, Baba," in ji ta.

Sai da ta sauko tsakar gida ta tsaya tana haki, haushin kanta ya cika ta. Ta shiga mota ta faɗa mata unguwar su Baba Kyari. Sai da suka yi nisa ta tuna maganar Magaji, cewa benci za ta nufa. Ga shi kuwa ta nufa, har da mota.

Ta same shi a ƙofar gida yana watsa wa tattabaru hatsi. Ya tsufa fiye da yadda ta bar shi, rigar ta yi masa yawa. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta faɗa masa komai, igiyar da ƙyallen da masaƙan da ke zuwa nemansa. Da ya ji injina suna jiransa a benci sai ya yi dariya har da tari, ya ce ashe ƙarfe ya fi mutane zumunci. Ta roƙe shi ya taso su tafi, mota na nan, magana ɗaya zai yi ya dawo. Dariyar ta ɗauke.

"Kina wurin ranar da aka sallame ni," in ji shi. "Alhaji ya tsaya gaban jama'a da takardar Tanimu a hannu, ya kira ni dattijo mai daraja. Ni. Tun muna samari yake zagina ina zaginsa. Ranar nan ya ce dattijo mai daraja, ya miƙo mini allon yabo da hannu biyu. Na tsaya ina jira ya ce ɓarawon dabino, ko a kunne ne, bai ce ba. Wasa ya mutu ke nan, 'yata. In na shiga ofishinsa yau na ce masa bawa, zagi ne. Hular zai cire."

Ta ce ko hular zai cire ai dai labari ya isa. Ya ce in haka ne bakinta ma ya isa, kuma ita ta ga igiyar da idonta, shi ko sunanta ba zai riƙe ba kafin su kai. Ta ce ita ba abokiyar wasan Alhaji ba ce, 'ya ce, ba ta da bakin da za ta faɗa masa. Iska ta taso ta ɗaga ƙasan rigarsa, tattabarun suka tashi gaba ɗaya suka koma kan soro. Ya ɗaga kai ya dubi Laima tana kumbura tana saɓewa a samansu.

"To ki faɗa masa ba da wasa ba," in ji shi. "Na ji an ce akwai wuraren da haka ake yi."

A hanyar komawa motar ta ratsa gefen Kasuwar Tudu. Masu kayan miya sun fara danne buhuna da duwatsu, mata suna ja wa yara hannu, amma ba wanda ya tashi. Me zai sa su tashi? A ƙarƙashin Laima suke, kuma sun ji a rediyo lafiyarta ƙalau. Suwaiba ta ce wa motar ta ƙara sauri, motar ta ce dokar gari ba ta yarda ba. Ta zauna tana murza yatsu, tana tunanin Tashar Rairayi, da mahaifiyarta da ba za ta iya zaman can ba, da fuskar Alhaji in ta juya mata baya. Tsoro take ji, kuma ba na igiya kaɗai ba.

Wannan karon Malam Tanimu yana ofishin, suna duba jawabin bikin cikar kamfani. Suwaiba ta shiga ba sallama, ba gaisuwa, abin da ba ta taɓa yi ba tun da aka haife ta. Wannan kaɗai ya sa duk suka ɗago.

"Baba, ɗazu na yi maka ƙarya. Babbar igiyar kasuwa ta ci fiye da rabi. Na hau na gani. Ba za ta ɗauki iskar yau ba. Allon nan ma ƙarya yake yi, tun kafin azumi."

Hannun Alhaji ya tashi a hankali, ya cire hular ya ajiye ta a kan taswira. Malam Tanimu ya yi gyaran murya ya ce abin da Injiniya take nufi shi ne akwai ɗan abin da ya kamata a duba in an sami sarari. Suwaiba ta ce abin da ta faɗa shi take nufi.

Abin da ya biyo baya, a yaba wa Alhaji. Bai tsaya tambaya ba. Ya kira hukumar gari, ya ba da izinin tashin kasuwa, ya fita kansa ba hula ya shiga cikin 'yan kasuwa da lasifika, yana ba su haƙuri rumfa rumfa. Suka zage shi, suka ce ina maganar rediyo, ya shanye. Ana idar da la'asar hadari ya iso. Iska ta shiga ƙarƙashin Laima ta ɗaga ta, igiyar ta yi ƙara sau ɗaya ta tsinke, aka ji har bayan gari. Mayafi mai faɗin unguwa guda ya rufto, wutsiyar igiyar ta tsaga layin masu yadi daga farko har ƙarshe. Rumfuna suka tafi, kaya suka jiƙe, amma ko kaza ba ta mutu ba.

Washegari Alhaji ya sa aka haɗa shi da Magaji a ofis, Suwaiba da Malam Tanimu suna tsaye. Ya tambayi injin me ya sa ya ɓoye masa. Magaji ya ce bai ɓoye ba, ya bi hanyar da ake bi ne. Alhaji ya ce ga ƙofa ba ma ƙofa, ga rubutu a bango, me ya hana su zuwa kai tsaye.

"Mun kalli duk waɗanda suka zo kai tsaye, ranka ya daɗe. Ba wanda ya rage a gidan. Mutum ɗaya ne yake faɗa maka ya kwana lafiya, mu kuwa ba Barebari ba ne."

Dariya ta kufce wa Alhaji, 'yar gajeriya. Ya ce daga yau ya ba da umarni, duk abin da suka gani su sa a allo, ja ko baƙi. Malam Tanimu ya fara rubutawa don a sa a bango. Suwaiba ta ce Magaji ba ya koyo da umarni, haka aka gina shi, haka kuma aka yi ta yabonsa. In aka cire wannan an cire duk iyawarsa, masaƙa ba za su ƙara sanin ɗaurin igiya ba. Abin da zai gani ana yi daga yau shi zai ɗauka.

"Me zai kalla?" in ji Alhaji. Idonsa yana kan taswira.

"Ni, Baba. Abin da zai same ni."

Ya rantse ba abin da zai same ta sai alheri, kuma har zuciyarsa haka yake nufi.

Bayan 'yan kwanaki masaƙa suka daina zuwa benci. Da hantsi sai su biyo bango su jeru a bakin tagar Suwaiba, Magaji ya faɗa mata abin da suka gani, ita kuma ta hau bene. Ashe ba igiyar kasuwa kaɗai aka naɗe da ƙyalle ba. Akwai ta asibiti, akwai gindin hasumiyar arewa da ruwa ya ci, akwai zaren nan da Lawandi ya yi magana a kansa tun tuni. Kullum ta shiga sai hula ta sauka a kan tebur, Alhaji ya yi godiya, ya sa a gyara. Ya yi ƙoƙari, wannan ba mai musu. Yana gaishe ta, yana tambayar mahaifiyarta, amma idonsa a kan kafet. Ya daina ce mata 'yata, ya koma Injiniya. Ya rame. Sau ɗaya ta hango shi ya ji takunta a bene ya shige banɗaki, shugaban kamfani guda, ya daɗe bai fito ba. Ta tsaya a ofis mara ƙofa tana jiransa, tana jin tausayinsa da haushinsa lokaci guda. Ta taɓa ce masa ya aika a kira Baba Kyari, ko don su sha shayi. Ya ce in sha Allahu, ya sa aka kai masa ragon layya da katin gaisuwa mai tambarin kamfani.

Kafin kaka birnin nan na kudu ya sa hannu a kwangila. Aiki ne babba, mafi girma da kamfanin ya taɓa samu, yana buƙatar shugaba a can na shekaru. Wa ya fi Suwaiba cancanta? Ba kowa, kuma abin da ya ƙara wa abin ciwo ke nan, domin ba wanda zai ce an zalunce ta. Ta je ta same shi ta ce Baba, Magaji yana kallo. Ya ce wannan dabam ne, wannan ci gaba ne, inji ma zai gane bambancin. Yana maganar yana gyara takardun da ba su buƙatar gyara.

Aka yi mata biki a tsakar gida, aka ci aka sha. Alhaji ya karanta jawabin da Malam Tanimu ya rubuta, ya kira ta jaruma mai daraja, ya miƙa mata allon yabo da hannu biyu. A kan bango, sama da sabon rubutun da ke cewa Muna Maraba Da Mummunan Labari, masaƙa sun tsaya da aiki sun zuba ido.

Washegarin tafiyarta, da hantsi, motar Alhaji ta shigo tsakar gida. Yana fitowa ya ɗaga kai ya gan su. Sun sauko sun jeru a bakin tagar ofishin Suwaiba da aka kulle, sun yi shiru, idanunsu a kan gilashin. Ba su da yawa, amma daga shiyya ɗaya suka zo. Ya tsaya yana kallonsu, jakarsa a hannu. Ya san abin da suke jira, an faɗa masa a gaban shaida. Bene ɗaya ne tsakaninsa da tagar, kuma makullin ofishin nata yana aljihunsa.

Malam Tanimu ya iso da sauri ya karɓi jakar. Alhaji ya nuna bangon da haɓa ya ce, "Waɗannan fa, Tanimu?"

Malam Tanimu ya dubi masaƙan, ya dubi hular da ke kan Alhaji.

"Ba komai, ranka ya daɗe. Lafiya lau."

Alhaji ya gyaɗa kai, ya hau bene ya shiga ofishinsa mara ƙofa, inda allo yake kore shar. Ɗaya daga cikin masaƙan ya juya idonsa ya bi shi da kallo har ya ɓace. Suka ɗan ƙara jira a bakin tagar, sannan suka hau bango suka koma sama, na ƙarshensu yana jan sabon ƙyalle.